Baƙo Ko Ɗan Gida: Saukar Ɗalibi A Gidan Masu Harshe

Duk malamin da ya taɓa koyar da Turanci ko Faransanci ko Larabci a makarantun sakandare na Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa ya san wani abin mamaki da ke maimaita kansa kowace shekara. Ɗalibi zai shafe shekara shida yana haddar dokokin nahawu, ya ci jarrabawa, amma da zarar an haɗa shi da mai harshen sai bakinsa ya mutu. Ga kuma tsaransa wanda bai taɓa zama a aji ba, ya tafi ci-rani Ibadan ko Legas bayan an gama girbi, kafin ya yi zuwa biyu ko uku sai a ji yana ciniki da Yarbanci, har da ba'a da zolaya. Kaifin ƙwaƙwalwarsu ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne, ɗan ci-rani ya zauna a cikin harshen dare da rana, kuma cin abincinsa ya rataya a kan iya magana.

Lissafi kaɗan zai fito da girman wannan tazara. A ce ɗalibi yana samun darasin Faransanci uku a mako, kowanne na minti 40, na tsawon mako 36. Jimlar abin da ya samu a shekara awa 72 ke nan. Wanda yake zaune a gidan da ba a jin komai sai Faransanci, ko da awa biyar kawai yake sauraro da magana a yini, zai cika wannan adadi a cikin kwana 15. Makarantar da ke horar da jami'an jakadancin Amurka ta ƙiyasta cewa mai jin Turanci yana bukatar awa 600 zuwa 750 a aji kafin ya iya aiki da Faransanci, Hausa kuwa kimanin awa 1,100. Ta hanyar darasi uku a mako, ko awa 600 ɗin ma sai an haura shekara takwas kafin a cika ta.

Saboda haka ne jami'o'i da ƙungiyoyi a ƙasashe da dama suka ɓullo da tsarin tura ɗalibi ƙasar da ake magana da harshen da yake koyo, a sauke shi a gidan wani iyali maimakon ɗakin kwanan ɗalibai, ya ci abin da suke ci, ya kwana inda suke kwana, na tsawon makonni ko watanni ko shekara guda. Ra'ayin wannan maƙala shi ne tsarin yana da amfani ƙwarai, kuma ya kamata makarantun Jihar Katsina su rungume shi. Sai dai amfanin nasa ya dogara a kan sharaɗi guda wanda aka cika mantawa da shi, wato ɗalibin ya tashi daga matsayin baƙo ya koma ɗan gida. Inda hakan bai samu ba, an yi asarar kuɗin mota ne kawai.

Yadda tsarin ya faro

A shekarar 1932 wani Ba'amurke mai suna Donald Watt ya ɗauki matasa 23 ya ƙetare teku da su zuwa Turai don su san takwarorinsu na can. A tafiyar farko sansani aka yi musu, sai ya lura cewa kowane yaro yana maƙale da 'yan ƙasarsa. Daga nan ya sake dabara, ya koma rarraba su gida-gida. Ƙungiyar da ya kafa, Experiment in International Living, ita ake ɗauka a matsayin wadda ta fara wannan tsari a zamanance. Ɗaya daga cikin matasan da suka bi ta hannunta, Sargent Shriver, shi ne ya zama shugaban farko na ƙungiyar 'yan sa-kai ta Peace Corps a 1961. A Jamhuriyar Nijar, sababbin 'yan wannan ƙungiya sun riƙa yin makonnin farko a garin Hamdallaye kusa da Yamai, kowanne a gidan wani iyali, suna koyon Hausa ko Zabarmanci kafin a tura su ƙauyuka. Ta ɗaya ɓangaren kuma, daga 2003 shirin musayar ɗalibai na YES ya kai 'yan sakandare daga ƙasashe masu yawan Musulmi zuwa Amurka, ciki har da 'yan Arewacin Nijeriya, inda kowanne ya yi shekarar karatu guda a gidan wani iyali.

Ƙasar Hausa ta riga ta san abin

Idan aka waiwayi tarihi, za a tarar Bature bai koya wa Bahaushe wannan dabara ba. Fatake na da fatoma da mai masauki a kowane zango, daga Salaga zuwa Sabon Ibadan. Ɗalibin ilimi kan bar garinsu ya tare a gidan malaminsa shekara da shekaru. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi da taurari daga Katsina, wanda ya rubuta littafi a kan ƙa'idojin tsara hatimi a 1732, ya zauna a Alƙahira a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, kuma a gidan ya rasu a 1741. Ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, wanda ya zama babban masanin tarihin Masar, shi ya adana labarinsa. Da a masaukin haya malamin ya zauna, da wuya a san yadda ƙarshen rayuwarsa ya kasance.

Shi kansa nazarin Hausa a Turai a cikin gida ya yi ƙarfi. A 1855 matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya koma Turai tare da samari biyu da aka 'yanta daga bauta, Dorugu da Abbega. Dorugu, wanda aka haifa a ƙasar Damagaram, ya zauna a gidan wani limamin mishan mai suna James Frederick Schön a Ingila. Schön bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma ya wallafa littafin nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, da tarin labarai mai suna Magana Hausa a 1885, kuma kaso mai yawa na abin da ke ciki daga bakin Dorugu ya fito. A nan ɗalibi ne ya sauki malaminsa a gida. (Abin lura, sunan Schön ne a bangon littattafan, Dorugu kuwa ya dawo a 1864 ya rasu a Kano a 1912 ba tare da duniya ta san shi sosai ba. Wannan rashin adalci ga mai harshe abu ne da duk wani sabon shiri ya kamata ya kiyaye.)

Misalai biyu sun fi kusa da yankin da ake magana a kai. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna a Giwa ta ƙasar Zazzau, wadda ba ta da nisa da Sabuwa, tana rubuta tarihin rayuwar wata dattijuwa daga bakinta. Littafin da ya fito daga wannan zama a 1954, Baba of Karo, har yau babu kamarsa wajen bayyana rayuwar matan Hausawa kafin zuwan Turawa da bayansa. Mijinta, M. G. Smith, shi ne ƙwararren mai bincike, amma iyakarsa zaure. Matar ce ta shiga cikin gida, ita ce kuma ta fito da abin da zaure ba zai taɓa bayarwa ba.

Na biyu shi ne Murray Last. Lokacin da yake ɗalibi a farkon shekarun 1960 ya zauna a gidan Wazirin Sakkwato Junaidu, kuma daga wannan zama aka sami littafinsa na tarihin Daular Usmaniyya a 1967. Bayan haka ya koma ƙasar Malumfashi, maƙwabciyar Ƙanƙara, inda a farkon shekarun 1970 ya zauna a wani gidan Maguzawa yana nazarin yadda mutane ke fahimtar ciwo da magani. Ɗaya daga cikin abubuwan da ya gano shi ne, mutane da yawa ba su da wani tsararren bayani game da cuta, kuma ba su damu da su sani ba, abin da ya dame su kawai a sami sauƙi. Mai bincike na kwana uku da takardar tambayoyi a hannu ba zai gano haka ba, domin duk wanda aka tsare da tambaya zai ƙago amsa don ya fita kunyar baƙo. Sai wanda ya ga dare da yawa a gidan, ya ga abin da ake yi idan yaro ya kwana da zazzaɓi.

Abin da bincike ya nuna

Masana kimiyyar harshe sun daɗe suna tambayar me ya sa zama da mutane ya fi littafi. A 2003 Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washington sun gwada jarirai 'yan wata tara waɗanda iyayensu Turanci kawai suke yi. An kasa su rukuni-rukuni. Wasu an haɗa su da masu jin Sinanci suna yi musu wasa da hira sau 12, kowane zama kimanin minti 25. Wasu an nuna musu mutanen nan ɗin ta talabijin, wasu kuma murya kawai aka sa musu. Da aka auna, jariran da suka zauna da mutane ido da ido sun iya bambanta sautukan Sinanci kamar jariran da aka haifa a cikin harshen. Na talabijin da na murya kuwa ba su ƙaru da komai ba. Gaskiya ne ɗan sakandare ba jariri ba ne, kuma yana iya ƙaruwa da rediyo da wayar hannu. Amma gwajin ya nuna cewa ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ba maganar da aka fuskance ta da ita wani matsayi na daban.

Dalilan ba su da wuyar ganewa. Mai koyo yana bukatar ya ji magana mai yawa wadda yanayi ke fassara masa ita: idan aka miƙo masa buta aka ce ya ɗebo ruwa, ba ya neman ƙamus. Yana kuma bukatar a tilasta masa buɗe baki, domin sai mutum ya yi ƙoƙarin faɗin abu yake gane inda iliminsa ya tsaya. Sannan yana bukatar gyara nan take. A Hausa wannan gyara ya fi zama dole saboda karin sauti da tsawon wasali, waɗanda rubutun yau da kullum ba ya nunawa. A takarda, kukan yaro da kukar miya kusan abu ɗaya ne, haka wuya ta jiki da wuya ta wahala, haka gari na mutane da gari na tuwo. Ɗalibin da ya zo daga Warso ko Beijin zai iya karanta bayanin wannan a littafi sau goma, amma ranar da yaran gida suka fashe da dariya don ya ce zai tafi cikin garin tuwo, ranar ce abin zai zauna masa.

To amma a nan ne labarin ya ɗauki wata hanya da masu tallar irin wannan shiri ba su cika faɗa ba. A 1998 William Rivers ya duba bayanan ɗaliban Amurka fiye da 2,500 da suka je koyon Rashanci tsakanin 1976 da 1996, ya kwatanta waɗanda suka zauna a gidajen mutane da waɗanda suka zauna a ɗakunan kwanan jami'a. Kowa ya zaci 'yan gida za su yi fintinkau. Sai aka tarar ba su fi sauran ci gaba a magana da sauraro ba, har ma sun ɗan gaza su. A karatu ne kawai suka yi gaba. Ana iya fahimtar haka da cewa da yawansu sun kasa shiga hirar gida, sun koma ɗaki sun rungumi littafi. A 2004 kuma Barbara Freed da Norman Segalowitz da Dan Dewey sun kwatanta ɗalibai 28 masu koyon Faransanci. Wasu sun tsaya a ajinsu na kullum, wasu sun tafi Faransa, wasu kuma sun shiga wani shiri na bazara a cikin Amurka inda aka hana su magana da kowane harshe sai Faransanci. Waɗannan na ƙarshe, da ba su ƙetare ko kogi ba, su ne suka fi kowa samun sakin harshe. Waɗanda suka je Faransa kuwa, an gano cewa a wajen aji sun fi yin Turanci da junansu a kan Faransanci.

Ashe ke nan jirgin sama ba ya koyar da harshe, katifar gidan mutane ma ba ta koyarwa. Awoyin da aka yi ana magana su ne ma'auni.

Karamcin da ke hana koyo

Wannan sakamako ya shafi gidan Bahaushe kai tsaye, kuma ta inda ba a zato. Bahaushe ya yi suna wajen karɓar baƙi, amma irin karɓar da yake yi ita ce mafi cutarwa ga mai koyon harshe. Baƙo mai daraja a shago ko a ɗakin da ke kusa da zaure ake sauke shi. A kai masa abinci a rufe, ya ci shi kaɗai, wani lokacin ma a dafa masa abin da mutanen gida ba sa ci. Idan ya ɗauki tsintsiya a ƙwace, idan ya nufi rijiya a tare shi. Idan ya yi kuskure a magana, kara ba za ta bari a gyara masa ba, sai dai a ce ai ya iya Hausa kamar jakin Kano. Daɗin daɗawa, idan hukuma ce za ta zaɓi masauki, gidan ɗan boko mai lantarki da bandakin zamani za ta zaɓa, inda maigida da 'ya'yansa za su mai da baƙon abin gwada Turancinsu. Masana sun ma lura cewa a ko'ina a duniya mutane kan sauƙaƙa harshensu su lalata shi idan suna magana da baƙo, har ya zama abin da yake ji ba shi ne abin da suke yi da junansu ba.

Alhali kuwa harshe yana can inda aka hana shi zuwa. Yana bakin murhu, inda uwar gida ke aiken yara da gajerun umarni. Yana gindin turmi da wajen sussuka. Yana gona, inda ake bambanta sassabe da huɗa da firi da maimai, kuma a ƙasar auduga da masara irin ta Faskari da Sabuwa kowane mataki na aikin yana da sunansa. Yana kasuwar Sheme wajen cinikin shanu, inda tayi da albarka da la'ada suke da ƙa'idojin da ba a rubuta ba. Al'ada ma haka take. Babu littafin da zai koya wa baƙuwa dalilin da ya sa uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ko yadda Bafulatani da Babarbare za su yi ta gaya wa juna baƙar magana suna dariya, ko lokacin da "to, sai na duba" take nufin a'a. Waɗannan sai an gani, an yi kuskure, an sha dariya.

Don haka gidan da ya dace da ɗalibi shi ne wanda zai ba shi suna da matsayi tun ranar farko. Ya kira maigida Baba, uwar gida Inna ko Mama, manyan 'ya'ya Yaya, a sa hannunsa a akushi ɗaya da tsararrakinsa, a aike shi sayen kalwa, a yi masa faɗa in ya yi dare. Gida mai yara ƙanana ya fi kowanne, domin yaro ba ya kara, kuma ba ya gajiya da maimaita magana. Akwai kuma batun jinsi wanda ba a iya kauce masa. Namiji baligi ba zai shiga cikin gidan da ake kulle ba, kuma bai kamata a nemi a karya wannan don shi ba. Hanyarsa ita ce a haɗa shi da samarin gida da sana'ar maigida, ya yi zaman zaure da majalisa. Ɗaliba mace kuwa, kamar yadda zaman Mary Smith ya nuna, tana da damar da ta fi ta namiji nesa ba kusa ba.

Ƙofar da rashin tsaro ya rufe

Duk wannan bayani zai zama tatsuniya idan aka yi shiru game da halin da yankin ya shiga. A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kwashe ɗalibai, aka sako 344 bayan kwana shida. A watan Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. A shekarun da suka biyo baya gwamnatocin Birtaniya da Amurka sun sanya Jihar Katsina a jerin wuraren da suke gargaɗin 'yan ƙasarsu kada su je, kuma babu jami'ar da za ta tura ɗalibinta inda gwamnatinta ta hana. Ƙasashen maƙwabta ma sun ɗanɗana. A Janairun 2011, bayan an sace Faransawa biyu a Yamai an kashe su, Peace Corps ta kwashe mutanenta daga Nijar. Ƙauyen koyon Larabci da Gwamnatin Tarayya ta kafa a Ngala ta Jihar Borno a farkon shekarun 1990 ya tashi ya koma Maiduguri saboda rikicin Boko Haram.

Duk wanda ya ce a kawo ɗan wani a sauke shi a ƙauyen da mutanensa ke kwana da ido ɗaya, bai yi wa ɗalibin adalci ba, bai kuma yi wa mai masaukin ba, domin baƙo na iya jawo wa gida idon ɓarayi. Asarar kuwa ta kowa ce. Irin zaman da Murray Last ya yi a ƙasar Malumfashi fiye da shekara 50 da suka wuce, wanda ya sa aka san wannan yanki a manyan jami'o'in duniya, ya zama abin da ba ya yiwuwa cikin sauƙi. Yaran yankin kuma suna tasowa ba su taɓa zama da wanda harshensa ko addininsa ya bambanta da nasu ba, sai abin da suka ji a waya.

Abin da za a iya farawa da shi

Ba sai an jira Turawa ba, ba kuma sai an jira jirgi ba. Binciken Freed ya riga ya nuna cewa ana iya samun riba ba tare da ƙetare iyaka ba, kuma Nijeriya ƙasa ce mai harsuna fiye da 500. A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta bukaci kowane yaro ya koyi ɗaya daga cikin Hausa da Ibo da Yarbanci ban da harshensa. Ɗaliban kwalejojin ilimi na Kudu masu koyon Hausa a matsayin harshe na biyu suna da wani zango da ake turo su Arewa don su saba da harshe da al'ada. Idan aka tara su a ɗakin kwana ɗaya, abin da ya sami 'yan Amurka a Faransa shi zai same su, wato su yini suna Yarbanci ko Ibo ko Turancin buroka da junansu. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Alƙalam a Katsina, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, suna iya neman gidaje a unguwannin da ke da kwanciyar hankali su rarraba irin waɗannan ɗalibai ɗaya-ɗaya. Haka shirin musayar 'yan sakandare na jihohin Arewa 19, wanda ya tsaya a makarantun kwana, zai ƙara armashi idan kowane yaro yana da gidan da yake zuwa a ƙarshen mako.

Akwai kuma iyalai da dama daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da rikici ya kora zuwa Funtuwa da Katsina da sauran garuruwa. Yawancinsu ba su da ɗakin da za su sauki kowa, amma suna ɗauke da Hausar noma da kiwo da tatsuniya wadda ɗan birni ya fara mantawa. Sashen Hausa na kowace jami'a zai iya ɗaukar dattawansu, maza da mata, a matsayin abokan hirar ɗalibai, a biya su, a kuma rubuta sunayensu a duk abin da aka wallafa, don kada a maimaita abin da aka yi wa Dorugu.

Game da Faransanci, wanda gwamnatin Janar Sani Abacha ta ɗaga matsayinsa a 1996, mutane kan ce ga Maraɗi nan kusa, me zai hana a tura yara can. Shawarar tana da daɗin ji, amma tana da rami. Gidajen Maraɗi Hausa ake yi a cikinsu, kuma a 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Yaron Ƙanƙara da aka sauke a can zai ƙaru da sanin 'yan'uwansa Katsinawan Maraɗi, wanda shi ma abin so ne, amma Faransancinsa ba zai motsa ba sai an zaɓi gidan da da gaske ake yin sa a ciki, ko kuwa a nufi Kwatano ko Lome. Ƙauyen koyon Faransanci na Badagry, wanda aka kafa a 1991 don ya maye gurbin shekarar da ɗalibai kan yi a ƙasashen waje, shi ma amfaninsa ya rataya ne a kan ko ɗalibai suna riƙe dokar harshe bayan an tashi daga aji.

Wajibi ne kuma a yi maganar amana. Ƙasar Hausa ta ga yadda kyakkyawar al'adar tura yaro neman ilimi ta lalace a wurare da yawa, ya zama yaro na yawo da roba ko yana wanke-wanke a gidan da babu mai tambayar lafiyarsa. Shiga aikin gida daban, bauta daban. Kafin a sauke ɗalibi, musamman ɗan sakandare ko mace, dole makaranta ta san gidan, mai unguwa ya shaide shi, iyaye su amince a rubuce, a kuma sa malami guda da zai riƙa ziyara yana ganawa da ɗalibin shi kaɗai. A bar wa kowa addininsa da abin da ba ya ci. A biya mai gida kuɗin abinci daidai gwargwado, kada ya yi kaɗan har baƙo ya zama nauyi, kada kuma ya yi yawa har gida ya koma otal. Idan zama bai yi daɗi ba, a sauya gida ba tare da an tozarta kowa ba.

A ƙarshen zangon kuma a auna. A ɗauki muryar ɗalibi yana hira ta minti goma a ranar da ya zo, a sake ɗauka a ranar da zai tafi, a ba malaman da ba su san shi ba su saurara su ƙiyasta. Ya kuma riƙa rubuta awa nawa ya yi magana da harshen a kowace rana, da wa, a kan me. Wayar hannu da littafin rubutu guda sun isa wannan aiki, kuma ƙungiyar ɗalibai masu sha'awar kimiyya a kowace sakandare za ta iya gwada shi da ɗan bautar ƙasa ko malamin da aka turo daga wata jiha, tun daga makon da ya sauka a garin.